Idan Murjani Ya Fara Koɗewa a Tankin Gida



Sharhinmu na yau a kan wani kiwo ne da ya yi ƙarfi a Jamus da Amurka da Ingila da Japan, wato kiwon murjani mai rai a cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri, a tsakiyar falo. Mu a ƙasar Hausa mun fi sanin murjani a wuyan mata, ja, an huda an jera a zare. Wancan ƙashin wani jinsi ne da ake cirowa daga Bahar Rum. 'Yan uwanmu mazauna Fot Sudan da Jidda kuwa maƙwabtan mai ran ne, domin gaɓar Bahar Maliya cike take da shi, har tudun murjani na Sanganeb da ke ruwan Sudan ya shiga jerin wuraren gado na duniya na hukumar UNESCO a shekarar 2016.

Kukan masu wannan kiwo iri ɗaya ne ko'ina suke. Murjani yana lafiya wata da watanni, sai a wayi gari ya tsuke ya ƙi buɗewa, ko launinsa ya dushe, ko ya fara fari daga gindi. Hankalin mai shi ya tashi, ya ruga kanti ya kwaso kwalabe. Yau ya zuba wannan, gobe ya ƙara wancan, jibi ya sauya fitila, ya ɗaga murjanin daga nan ya mayar can. Bayan mako biyu ya rasa wanda ya fara ciwo, ya rasa na kusa da shi, kuma bai san abin da ya kashe su ba. A ganina, sau da yawa wannan rawar jikin ce ke ƙarasa murjani, tun kafin ciwon farko ya kai ga kashe shi. A kan haka nake so mu tsaya yau.

Murjani dabba ne, ko da ya yi kama da reshe ko dutse. Taron ƙananan halittu ne, kowace da bakinta da 'yan yatsu kewaye da bakin. A cikin naman jikinsa akwai ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani. Su ke kama haske su mayar da shi abinci, kuma a jinsunan da ke gina duwatsun teku, daga gare su murjani ke samun kaso mafi tsoka na abin da yake rayuwa da shi. Idan ya takura, sai ya fitar da su daga jikinsa, farin ƙashinsa ya bayyana ta cikin naman. Wannan shi ne koɗewa. Riƙe irin wannan halitta a gida ma ba tsohon abu ba ne. Sai a shekarun 1980 wani mai kiwo a birnin Balin, Dietrich Stüber, ya yi suna da rainon murjani mai rassa na jinsin Acropora a tankinsa, abin da a lokacin mutane da yawa ke ganin ba zai yiwu ba. Har yau ana raba rassan wannan murjanin tsakanin masu kiwo da sunansa.

To mai sauraro, kafin ka taɓa komai, ka duba da kyau. Fari iri biyu ne. In akwai siririn nama a kan farin, 'yan yatsun suna nan suna motsi, murjaninka na da rai, kuma zai iya farfaɗowa cikin makonni ko watanni in abin da ya dame shi ya kau. In kuwa ƙashi ne tsirara mai kaushi, bayan 'yan kwanaki koren gansakuka ya fara hawa kansa, wannan ɓangaren ya riga ya tafi. Wanda ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa, galibi haske ne ya yi masa kaɗan ko datti ya yi yawa a ruwan, kuma wannan ba abin gaggawa ba ne. Akwai ma wanda tsukewarsa lafiya ce: murjani mai laushi na jinsin Sarcophyton kan rufe kwana da kwanaki, ya yi wata fata mai sheƙi, ya saɓule ta, ya sake buɗewa fes. Wanda bai san haka ba sai ya hau yi wa mai lafiya magani.

Bayan dubawa sai tambaya: me ya sauya a cikin mako biyu ko uku da suka wuce? Ruwa ba ya tsami banza. An sayo sabon buhun gishiri? An sa sabon kifi? An wanke fitila ko an ƙara mata ƙarfi? An yi fenti a ɗakin? Murjani yana jinkirin nuna ɓacin ransa, abin da aka yi masa yau wani lokaci sai bayan kwana goma ya fito a jikinsa. Shi ya sa littafin rubutu ya fi kowace kwalba amfani a gefen tanki. Wanda ke rubuta awonsa da ranar da ya yi kowane sauyi, shi ke iya komawa baya ya gano inda aka samu tangarɗa.

Awon farko gishiri ne. Ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowane kilo, abin da ma'aunin nauyin ruwa ke nunawa 1.025 zuwa 1.026. Ruwan tanki yana tashi sama kullum, gishirin kuma ba ya binsa, kamar miyar da aka bari a kan wuta, tana ƙonewa gishirinta na ƙara fitowa. Don haka abin da ya ƙafe, da ruwa marar gishiri ake cike gurbinsa. Wanda ya cike da ruwan gishiri, kullum tankinsa ƙara ɗaci yake yi bai sani ba. Sannan shi kansa ma'aunin yana kuskure. Rifraktomita da ba a daidaita shi da ruwan gwaji mai gishiri 35 ba, zai iya nuna maka komai daidai alhali ka yi nisa. Haka magungunan awo da suka tsufa. In lambar da ka gani ta ba ka mamaki, ka sake awon da wani ma'auni kafin ka yarda.

Sai zafi. Yawancin masu kiwo suna riƙe ruwansu tsakanin digiri 25 da 26 a ma'aunin Selshiyos. Don ka ga yadda tazarar take da ƙanƙanta, hukumar NOAA ta Amurka mai sa ido kan tekuna tana fara lissafin haɗari ne daga digiri ɗaya kacal sama da matsakaicin zafin watan da ya fi zafi a wurin. In hakan ya ɗore kamar mako huɗu, ana sa ran koɗewa. Gaskiya ne murjanin mashigin Aƙaba da na Tekun Fasha suna da juriyar zafi ta musamman, amma wanda ke kantuna yawancinsa daga Indunisiya da Ostireliya yake, ko daga gonakin masu kiwo, kuma ba shi da wannan juriyar. Hita da ta maƙale a kunne ta sha hallaka tanki a dare ɗaya. A nan dole in yi magana da wanda ke sauraronmu a Kano ko Sakkwato ko Yamai yana sha'awar farawa. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wuta kuma ba ta da tabbas, kada ka sayi murjani ko ɗaya sai ka tanadi na'urar sanyaya ruwa da sola ko batir da zai riƙe injin tura ruwa dare da rana. Idan ruwa ya tsaya cak, iskar da ke cikinsa kan ƙare cikin sa'o'i kaɗan, kifaye su fara mutuwa, ruɓewarsu ta gurɓata ruwan, murjani ya bi baya. Wannan tanadi ba kayan ƙawa ba ne da za a ce sai an samu hali, shi ne tushen kiwon.

Yanzu mu zo kan awon da na fi ba muhimmanci, wato alkaliniti. Shi ne yawan sinadaran kabonet da ke narke a ruwa, dangin abin da ke cikin kanwa, kuma da su da kalsiyam murjani ke gina ƙashinsa. Ana auna shi da ma'aunin Jamusawa da ake rubutawa dKH. Ruwan teku yana wajen 7, masu kiwo kuma suna riƙe nasu tsakanin 7 da 11. Kalsiyam ana son shi kusan kashi 400 zuwa 450 cikin miliyan, magniziyam kuma wajen 1,250 zuwa 1,350. Amma ka saurari wannan lissafin: duk lokacin da murjani ya cinye kashi 20 na kalsiyam, yana cinye kimanin 2.8 na alkaliniti. Kashi 20 cikin 420 ba ya ko motsa ido, amma 2.8 cikin 8 ai sulusi ne. Ke nan alkaliniti ne ke fara faɗuwa, kuma shi ya kamata a fi yawan aunawa, sau biyu ko uku a mako a tankin da ke da murjani mai rassa.

Murjani yana iya zama lafiya a 7.5, yana iya zama lafiya a 10. Abin da ba ya jurewa shi ne yau 7, gobe 10, jibi 8. Kuma hanyoyin da wannan hawa da sauka ke shigowa suna da ban tausayi, domin daga kulawa suke fitowa. Murjani ya girma, cinsa ya ƙaru, adadin sinadarin alkalinitin da ake zubawa wata shida baya ya daina isa, alkaliniti ya zame ƙasa a hankali. Mai shi ya gano, ya firgita, ya zuba mai yawa a tashi ɗaya don ya mayar da lambar inda take. Washegari kan rassan ya yi fari kamar an ƙona. Ga wata kuma: murjani ya yi rashin lafiya saboda wani dalili daban, ya daina gina ƙashi, ya daina ci, amma na'urar da ke ɗiga sinadari kullum ba ta san haka ba, tana ta ɗigawa. Alkaliniti ya yi sama, ciwo ya zama biyu. Duk wanda murjaninsa ya tsaya da girma, ya fara duba wannan na'urar ya rage mata. Sannan gishirin kanti ba ɗaya ba ne, wani in an kwaɓa shi yana ba da 8, wani 11 ko 12. Mutum ya ce bari ya sauya rabin ruwa don ceton tanki, ashe ya jefa murjanin cikin wani ruwa daban. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce kada gyara ya wuce dKH ɗaya a yini, in an samu rabin haka ma ya fi. Tun a shekarun 1990 Bajamushe Hans-Werner Balling ya fito da tsarin ɗiga kalsiyam da kabonet daban-daban, kaɗan-kaɗan, daidai da abin da tanki ke ci, kuma har yau a kan wannan tunanin ake tafiya. Kanwar kasuwa kuwa, ko kusa kada ta shiga tanki, domin ba a san sauran abin da ke haɗe da ita ba.

Akwai wani kuskure da tsabta ke jawowa. An daɗe ana koya wa masu kiwo cewa naitiret da fosfet, waɗanda ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, abokan gaba ne, a kore su har su kai sifiri. Mutane suka sayi na'urori masu ƙarfi da sinadaran tsotse fosfet, ruwa ya yi garau, murjani kuma ya yi fari-fari ya rame. Gansakukar da ke jikinsa tsiro ce, tana bukatar taki. Binciken da Farfesa Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Southampton ta Ingila ya nuna cewa idan naitiret ya yi yawa fosfet kuma ya yi ƙaranci, murjani ya fi saurin koɗewa da zafi da haske. A yau yawancin masu kiwo suna barin naitiret tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin miliyan, fosfet kuma 0.03 zuwa 0.1. Tankin da ya kai sifiri a duka biyun sau da yawa wata gansakuka mai yauƙi, ruwan ƙasa, mai kumfa da guba, ita ke mamaye shi. Maganin a nan shi ne a ƙara wa kifi abinci, a sassauta tacewa.

Haske da motsin ruwa ba zan daɗe a kansu ba. Fitilun LED na yanzu sun fi ƙarfin abin da ido ke nunawa, saboda haka sabon murjani a ƙasa ake ajiye shi, a riƙa ɗaga shi a hankali cikin makonni. Ko sabon gawayin tace ruwa da ya kwashe rawaya daga ruwan yana iya ƙara hasken da ke isa gare shi farat ɗaya. Ruwa kuma ya riƙa kaɗa shi ta ko'ina. In datti na kwanciya a kansa motsin ya yi kaɗan, in naman na mannewa da ƙashi ta gefe ɗaya injin na dukansa kai tsaye.

Idan duk awon nan ya fito daidai amma tanki gaba ɗaya na baƙin ciki, sai a nemi guba. Jan ƙarfe na kashe murjani ko da ɗan mitsitsi ne, kuma yana cikin magungunan ƙurajen kifi da yawa, yana cikin mahaɗin bututu na tagulla. Maganaɗisun injin da robarsa ta tsage ya fara tsatsa a ɓoye, shi ma haka. Ruwan famfo na zuwa da kulorin da ƙarafa, shi ya sa ake tace shi da na'urar RO/DI har ma'aunin datti ya nuna sifiri, kuma matatar tana gajiya, dole a riƙa sauya ta. Abin da na fi jin tsoro a gidajenmu shi ne maganin sauro na feshi. Na'urar kumfa da ke tsame datti tana zuƙar iskar ɗaki ta cusa cikin ruwa, kuma sinadaran kashe ƙwari ba sa barin halittun ruwa. Haka turaren feshi, haka man shafawa da sabulu a hannun da aka tsoma. Akwai ɗakunan gwaji, da yawansu a Jamus, da ake aika wa 'yar kwalbar ruwa su auna sinadarai fiye da talatin. In abu ya ƙi ganuwa, wannan kuɗin ba asara ba ne.

In kuwa murjani ɗaya ne ke ciwo sauran na lafiya, to ba ruwa ba ne, a duba shi da maƙwabtansa. Ka zo da tocila bayan fitilu sun mutu da sa'a biyu. A lokacin ne jinsin Galaxea ke miƙa dogayen zarurruka masu harbi su ƙone na kusa da shi. A lokacin ne ake ganin 'yan fararen katantanwa marasa kwanso da ke cin murjanin jinsin Montipora. Tsutsa mai faɗi da ke cin Acropora kuwa launinta ya saje da jikinsa, sai dai ka ga tabon cizo da ƙwai a gindin reshe. Tsoma murjani a ruwan magani yana kashe manyan, amma ba ya kashe ƙwai, dole a kankare su a maimaita tsomawar mako-mako. Duk wannan wahalar, killace sabon murjani na wasu makonni a ƙaramin tanki daban ya isa ya hana ta.

Ban ce kullum jira ake yi ba. Idan nama na saɓulewa daga reshe kana kallo cikin sa'o'i, ka yanke lafiyayyen ɓangaren nesa da inda ciwon ya kai, ka ajiye shi daban. Idan wani yauƙi ruwan ƙasa ya rufe kan murjanin jinsin Euphyllia, ka kashe injin tura ruwa, ka zuƙe yauƙin, ka cire kan nan take, domin yana yaɗuwa. Idan ka tabbatar guba ta shiga, ka sa sabon gawayi, ka sauya ruwa kashi 20 cikin ɗari ko fiye, ka maimaita, da ruwan da ya yi daidai da na tankin a gishiri da zafi da alkaliniti. Ban da irin waɗannan, sauyi ɗaya ake yi, a rubuta, a ba shi mako biyu a ga abin da ya haifar.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da zafi shi ne, murjani ba furen roba ba ne. Duk murjani mai ƙashin dutse yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba ya ƙetare iyaka sai da takarda. Indunisiya ta dakatar da fitar da shi a 2018, sai a 2020 ta sake buɗe ƙofa ga wanda aka noma. A watan Afrilun 2024 hukumar NOAA ta sanar da cewa duniya ta shiga koɗewar murjani ta gama-gari karo na huɗu, bayan ta 1998 da ta 2010 da wadda ta ɗauki 2014 zuwa 2017. A irin wannan lokaci, wanda ke kashe murjani a falonsa ya koma kanti ya sayo wani ba tare da ya binciki dalili ba, bai kyauta ba. Ya nemi wanda aka raina a tanki, ya fi juriya, kuma ba a ɓallo shi daga teku ba. Ilimin masu tankuna ma yana komawa teku da amfani. A gidan tarihi na Horniman da ke Landan, Jamie Craggs ya sa murjani ya saki ƙwai a rufaffen tanki a 2013, ta hanyar kwaikwayon zafin yanayi da tsawon yini da hasken wata. Da wannan dabarar gidan kifaye na Fulorida ya samu haihuwar wani murjanin Tekun Atalantika mai kama da ginshiƙi a 2019, a daidai lokacin da wata cuta da ta ɓulla kusa da Miyami a 2014 ke cinye shi a teku.

Saura gargaɗi guda, wanda ya shafi lafiyar mai kiwon da iyalinsa. Wasu murjanai masu laushi, musamman jinsin Palythoa, suna ɗauke da dafi mai suna palitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani a halittu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutanen da suka kwanta sanadinsa a jihar Alaska, kuma a 2018 a yankin Oxfordshire na Ingila an kwashi iyali guda zuwa asibiti, har da 'yan kwana-kwanan da suka kai musu ɗauki, bayan an goge wani dutsen tanki a cikin gida. Mutumin da tankinsa ya lalace yakan so ya fitar da duwatsu ya wanke, kuma nan haɗarin yake. Kada a tafasa dutsen tanki, kada a zuba masa ruwan zafi, kada a kankare shi a rufaffen ɗaki. A sa safar hannu da tabarau da takunkumi, a nisanta yara. Wanda ya ji zazzaɓi ko tari ko ƙuncin numfashi bayan ya taɓa tanki, ya tafi asibiti nan take, ya kuma gaya wa likita cewa murjani ya taɓa.